Kawunnai Uku, Suna Ɗaya

Ku gyara zama, yau ban zo da hirar siyasa ba. Malam Ilu, rage rediyon nan, abin da zan faɗa ya fi labaran duniyar da kake ji. Gobe da safe akwai suna a gidanmu. An ɗaure rago, an raba goro, an gaya wa liman, amma har yanzu ba a san sunan da za a raɗa wa yaron ba. Ni aka ɗora wa yanke magana, ni kuwa kaina ya kulle, shi ya sa na kawo muku.

Kun san yayana marigayi Tukur, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kula da dawakan masu wasan ƙwallon doki a Kaduna. Ya bar maza uku, Lurwanu da Haladu da Sa'idu, sai autarsu Hindatu. Duk a barga suka tashi, amma ikon Allah, macen ce doki ya fi yarda da ita. Kada ka yamutsa fuska, Ilu, kai da ko jaki sai an riƙe maka. Wata Baturiya likitar dabbobi ce ta ga hawanta, ta yi mata hanya zuwa ƙasarsu, can ta shiga wata gasa da ake yi kwana uku a jere da doki ɗaya.

Ran farko doki zai yi tafiyar ladabi a fili, alƙalai na lura da shi har motsin wutsiya. Rana ta biyu ita ce mai cin rai: gudu a dawa, ana tsallake gumaguman itace da ramuka da kududdufai. Ta uku kuwa tsallake sanduna ne a gaban jama'a. Suna da wata doka da ni har yau ban gane ta ba. Da zarar mahayi ya tashi, babu mai taimaka masa, ko da baki. Ko uwarka ce ta hango za ka faɗa rami, sai ta kame bakinta, don wanda aka yi wa gargaɗi daga waje an fitar da shi ke nan.

Shekara da shekaru Hindatu tana wannan abu, ƙasa zuwa ƙasa. Ta karye, ta warke, ta yi aure, ta koma kan sirdi. 'Yan'uwanta uku ne ma'aikatanta. Lurwanu ke horar da ita, Haladu ke yi wa doki takalmi da gyaran kaya, Sa'idu ke kula da goɗiyarta Shamuwa, baƙa mai fari a ciki, wadda uwarta ta mutu wajen haihuwarta, shi ya raine ta da kwalbar madara. Bara suka kai gasar da duk wanda ya yi fice a cikinta zai shiga babban wasan duniya, inda ba a taɓa ganin ɗan ƙasarmu a kan doki ba. Ran farko aka tashi Hindatu ce a gaba. Mu nan gida har an fara yi mini barka.

Rana ta biyu aka tashi da ruwan sama. 'Yan'uwan suka tsaya bayan igiya a bakin kududdufi, inda doki zai tsallake wani ƙaton gungume ya dira cikin ruwa mai kai wa gwiwa. Abin da ya faru na gan shi a waya sau ɗaya, ban ƙara yarda na kalla ba.

Lurwanu ne ya hango. Tana tafe a guje, sai ya ga majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, ya tsinke yana lilo, ita ba ta sani ba. Ya fi kowa sanin dokar nan, shi ya koya mata ita. Ya san in ya buɗe baki wahalar shekarunta ta tafi a banza, ta yiwu kuma in ya yi shiru ta tsallake lafiya. Mutum dubbai sun yi tsit, sai muryarsa kaɗai ta tashi da Hausa: "Hindatu, majayi! Ja linzami!" Ta ja. Gudun ya ragu, Shamuwa ta kauce wa gungumen, sirdi ya juye, suka zube cikin ruwa maimakon su daki itacen. Masana da suka kalli hoton daga baya sun ce da da cikakken gudu ta tashi, da kanta za ta sauka a kan gungumen, kuma ba a tashi daga irin wannan. Amma kafin ta taɓa ruwa alƙali ya riga ya ɗaga jan ƙyalle. An fitar da ita, shi kuma an karɓe masa izinin horarwa.

Haladu ne ya fara tsallake igiya. Goɗiyar ta faɗi ta gefe ɗaya, ta danne Hindatu daga ƙugu zuwa ƙasa, kan Hindatu yana cikin ruwa, ba a ganin komai sai hularta. Ma'aikatan wurin suna jiran motar asibiti, don an hore su kada a taɓa wanda ya faɗi. Haladu bai san wannan horon ba. Ya durƙusa tsakanin ƙafafun dokin da ke harbi, ya tallabo kan ƙanwarsa sama, ya sa bayansa ya kare ta. Kofato ya same shi a haƙarƙari, bai saki ba. Ya same shi a fuska, da takalmin ƙarfen da shi da kansa ya buga mata da safen nan, bai saki ba. Kun gan shi ran Juma'a da baƙin tabarau, ba ado ba ne, idonsa na hagu a can ya tsiyaye.

Sa'idu kuwa kan dokin ya nufa. Duk yunƙurin da Shamuwa ta yi don ta tashi, nauyinta kan Hindatu yake komawa, ana jin ƙashi yana ƙara. Dokin da ya faɗi ba ya daina yunƙuri sai an danne masa wuya da kai, kowane ɗan barga ya san wannan. Amma a tudu ake yin haka. Nan ruwa ne, in ka danne kai hanci ya nutse. Sa'idu ya sani sarai. Ya hau wuyanta da gwiwa, ya rufe mata ido da tafin hannu, ya yi mata fiton da yake kiranta da shi tun tana shan kwalba. Ta ji muryarsa ta lafa, don ba ta taɓa zaton cuta daga gare shi ba. Haladu ya ce ya ji yana cewa, "Yi haƙuri, 'yata, yi haƙuri." Bai ɗaga ba sai da aka kawo igiyoyi aka janye ta daga kan Hindatu. Gawa aka janye. Tun ranar Sa'idu bai ƙara shiga barga ba.

A asibiti aka sake girgiza mu. Likitoci suka ce ƙugunta ya karye, hawan doki ya ƙare mata. Suka ce kuma tana da ƙaramin ciki, wanda ita kanta ba ta san da shi ba, kuma cikin bai taɓu ba. Wallahi da mijinta Nafi'u ya bugo ya gaya mini, zama na yi a ƙasa. A kan gadon nan ta yi alkawari tsakaninta da Allah, in ta sauka lafiya kuma namiji ne, sunan wanda ya ceci ransu za a sa masa, Nafi'u ya ce ya amince. Makon jiya aka ciro mata ɗa namiji, likita ya ce daga shi ba ƙari.

Na tara su ukun ina tsammanin za su yi rigima, sai na tarar da abin da ya fi rigima wuya. Lurwanu ya ce shi ne ya rushe mata abin da ta gina, har yau in ya shiga ɗaki takan kau da kai kafin ta gaishe shi. Haladu ya ce shi ya duba majayin nan da safe bai ga komai ba, don haka idonsa biyan laifi ne. Sa'idu ya ce kada a sa wa yaro sunan wanda ya kashe abin da ya raina da hannunsa. Na koma wurin Hindatu, ta rungume jaririn tana hawaye, ta ce, "Baffa, duk wanda na zaɓa na ce wa biyu nasu bai kai ba. Kai ne ubanmu yanzu, ka faɗa."

Na san abin da za ka ce, Ilu, a sa sunan kakansa a huta. Akwai Tukur uku a gidan, kuma ba alkawarin da ta yi ke nan ba. Da Lurwanu bai yi ihu ba, da babu wadda za a tallabo. Da Haladu bai tallabo ba, da ruwa ya gama da ita. Da Sa'idu bai danne ba, da an murƙushe uwa da ɗa. Liman zai zo bayan sallar asuba, zai dube ni. To, ku gaya mini, sunan wa zan faɗa masa?