Kwantenar Baba Maganaɗisu

Akwai wani dattijo mai sana'ar tsofaffin ƙarafa, ana kiransa Baba Maganaɗisu. Yakan shigo da matattun injina daga ƙasar waje, a farfasa su a rumfarsa, a ciro ƙarfen nan mai wuyar samu da ake sawa a wayoyi da batura.

Wata rana kwantenarsa ta iso tashar jiragen ruwa. Ƙanensa, wanda ke fito masa da kaya daga hannun kwastan, ya ja shi gefe.

"Yaya, mu ce baƙin ƙarfe ne kawai. Harajinsa kaɗan ne, ko buɗewa ba za a yi ba. In muka ce ƙarfe mai daraja ne, sai an yi gwaji, ga haraji mai nauyi."

"Baƙin ƙarfen ne?"

"Haba Yaya, kowa haka yake yi!"

"Gaya musu abin da ke ciki."

Kaya suka zauna jiran gwaji. Masu saye suka gaji, suka koma wajen wasu. Ƙanen kullum da tsiya: "Na Allah, an sako kayan?" Baba sai murmushi, amma abin yana cin sa a rai.

Ranar gwaji, jami'ar kwastan ta matso da na'urarta. Na'ura ta hau ƙara ba tsayawa.

"Kowa ya ja baya!"

Aka zagaye wurin da igiya, aka kirawo ƙwararru masu rufaffun fuskoki. Can cikin tarkacen suka zaro wani ɗan gwangwani, ko dunƙulen hannu bai kai ba.

Jami'ar ta ce, "Daga tsohon injin asibiti ya fito. Guba yake fitarwa, ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Da an fasa shi a rumfarka, Baba..." Ba ta ƙarasa ba.

Da Baba da ƙanensa suka koma rumfa, suka tarar da 'yar Baba zaune da tsohon cikinta, ana fasa inji a gabanta, tana tsince ƙarfe da hannu.

Ta ɗago. "Kawu, lafiya? Ka ga aljani ne?"

Ƙanen ya zube a kan tsohuwar taya. Baba ya dafa kanta, yana ta tasbihi.

Darasi: Ka kira abu da sunansa, ko da zai jawo maka jinkiri. Ba ka san masifar da Allah yake kau maka da ita ba. Tura wa ɗan uwanka ɗan kasuwa ya karanta.