Ƙyalƙyali a Tsumman Inji

Akwai wani mai fito da yake ƙetarar da mutane kogi da jirginsa mai injin dizal. Ma'aikata, 'yan kasuwa, 'yan makaranta, kowa jirginsa yake so, don ya fi na kowa gudu. Shi ma ya san da haka, kuma abin ya shiga kansa sosai.

Gidansa yana kan tudu, daf da mashigi. Matarsa tana wanki a tsakar gida take jin tashin injin. Ta san muryar injin nan kamar yadda ta san tarin mijinta. 'Yarsu ɗaya ce ta rage a gabansu, Auta, kuma kullum da safe a jirgin uban take ƙetarawa makaranta.

Mai fito yana da ƙane, shi ma sana'arsa ke nan. Injinsa tsoho ne, tafiyarsa a hankali, har mutane suka sa masa suna Sannu-Sannu. In lokacin juyen mai ya yi, sai ya ɗaure jirgi, ya zubar da baƙin man da ya mutu, ya canza filta, ya zuba sabo. Sannan ya ƙara ɗan maganin inji na gwangwani, daidai awon da bakanike ya faɗa masa. Wansa kuwa yana wucewa da jirgi cike, yana ɗaga masa hannu.

"A gaida unguwarzoma! Yau ma wankan jego ake yi wa tsohuwar?"

Fasinjoji su kwashe da dariya. Ƙanen ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa.

Wata safiya matar ta ji abin da ba ta saba ji ba. Cikin rurin injin akwai wata 'yar ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a ƙofar ƙarfe. Da ya dawo cin abinci ta ce, "Baban Auta, injin nan ba lafiya."

"Yaushe kika zama bakanike?"

"Kunne gare ni."

"To ki ajiye shi ga tukunyarki."

Amma shi ma ya ji ƙarar. Da yamma ya je shagon kayan inji ya sayi gwangwanin magani, irin mai kaurin nan kamar zuma. Mai shagon ya ce, "Ka san na rigakafi ne ko? A sabon mai ake zuba shi, a inji mai lafiya. In har ya fara ƙara, wurin bakanike za ka kai shi."

"Magani na zo saya, ba wa'azi ba."

Ya juye gwangwanin duka a kan tsohon man da ya yi baƙi ƙirin. Ƙarar ta lafa. Ya shigo gida yana taku ɗaiɗai.

"To, malama mai kunne, ina ƙarar take?"

Ba a daɗe ba ta dawo. Ya ƙara wani gwangwanin. Ta sake dawowa, ya sake ƙarawa. Ya san in ya buɗe injin sai jirgi ya kwanta, in jirgi ya kwanta kuma mutanensa za su koma na ƙanensa. Wannan ne abin da zuciyarsa ta ƙi ɗauka.

Akwai wani tsumma da yake goge sandar gwada mai da shi. Rannan ya manta shi a aljihun riga. Matar ta zaro shi za ta yar, sai rana ta haske shi. Cikin baƙin maiƙon ta ga wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalƙyali, kamar hodar kwalliyar 'yan mata. Ta shafa da yatsa, ta ji gari-gari.

Ta yafa mayafi, ta gangara mashigi wurin ƙanen mijin.

"Matar Yaya, lafiya? Ko kin gaji da mai gudu kin dawo wa mai sannu?"

"Bar wasa. Duba min wannan."

Ya murza tsumman tsakanin yatsunsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ƙarfen cikin injin ne yake cin kansa. Maganin ya rufe masa baki ne kawai. Ranar da zai tsaya, ba zai yi sallama ba."

Ya je ya sami wansa a keɓe, ya yi ƙasa da murya ya faɗa masa. Wan ya ɗaga tasa, don kowa ya ji.

"Hassada ce take cin ka! So kake in kwantar da jirgi ka kwashe min mutane!"

Da ya koma gida, matar ta roƙe shi abu ɗaya. Ta ce ya bar Auta ta riƙa shiga jirgin Baba Ƙarami, wato ƙanen nasa.

"Ba ki da hankali? In 'yata ta shiga jirgin wani, wa zai shiga nawa? A nawa za ta shiga, kuma a gaba za ta zauna, kowa ya gan ta."

Tun daga ranar abinci ya daina shiga matar. Da safe ta ɗaura wa Auta jaka. Sai ta tsaya a bakin katanga, ba ta zama, ba ta shan ruwa, har ta ga jirgin ya taɓa ɗaya gaɓar.

A nan ta lura da wani abu. Duk lokacin da mijinta ya tashi, ƙanensa ma yana tashi, ko jirginsa bai cika ba, ko mutum biyu ne a ciki. Kuma kullum ta gefen da ruwa yake gangarawa yake bi. Mai fito ya ga haka ya sami sabon abin tsokana.

"Ku dube shi, yana bina kamar jela! Ko ragowa kake tsinta?"

Sai aka yi ruwan sama mai yawa a can sama. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Ƙasa da mashigin akwai ginshiƙan wata tsohuwar gada da ta rushe, ruwa yana dukansu yana kumfa.

Matar ta riƙe hannun Auta a ƙofar gida. "Yau kam a bar ta."

Mijin ya janye hannun yarinyar, suka wuce.

Ta koma bakin katanga. Jirgin ya tashi cike. Ƙwas-ƙwas ɗin ya fi na kullum, har a kan tudu tana jin sa. Sun kai tsakiyar ruwa ta ji wani ƙum, hayaƙi ya turnuƙe, sai shiru.

Ba ta taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba.

Jirgin ya juya a kaikaice, ruwa ya fara jan sa wajen ginshiƙan. Ta hango mijinta yana dukan injin da hannu. Ta waiwaya, ta ga filafilan tuƙi biyu jingine a tsakar gidanta. Shi ya kwaso su daga jirgin tuntuni, wai suna cin wurin zaman mutum. Da ɗaya take tokare igiyar shanya.

Ta fita da gudu ba takalmi, tana kiran sunan Allah, tana kiran Auta.

Sannu-Sannu yana wurin da ya saba. Ya tari gaban jirgin, ya jefa igiya, ta faɗa ruwa. Ya sake jefawa, wani fasinja ya cafke, aka ɗaure. Tsohon injin ya ɗauki nauyin jirgi biyu. Ya yi gurnani, ya yi hayaƙi, igiyar ta miƙe kamar za ta tsinke. Bayan jirgin wan ya gogi ginshiƙi, katako ya tsage, buhunan mutane suka zube a ruwa. Amma injin bai tsaya ba. A hankali, a hankali, ya kawo su gaɓa.

Auta ta fito jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa. Uwar ta rungume ta.

Ba wanda ya zagi mai fito. Mutane suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ba mai ko kallonsa. Da bakanike ya buɗe injin, ya girgiza kai.

"Da ka kawo shi tun ƙarar farko, ƙaramin gyara ne. Yanzu kam sai 'yan gwangwan."

Da aka koma makaranta, matar ta fito da jakar Auta. Mijin ya karɓa. Ya riƙe hannun yarinyar har mashigi, ya ɗaga ta ya sa a jirgin ƙanensa. Sannan ya tsaya, kansa a ƙasa.

"Kana buƙatar mai riƙe maka igiya?"

Ƙanen ya matsa masa wuri. "Shigo, Yaya. Amma gobe ba fita, juyen mai zan yi."

"Zan zo in riƙe maka kwanon," in ji wan.

Darasi: Maganin inji na rigakafi ne, ba ya warkar da abin da ya riga ya lalace. Ku canza mai a kan lokaci, in kun ji baƙuwar ƙara ku tsaya a duba. Wanda ya ɗauki rayukan mutane ba shi da izinin yin girman kai, kuma wanda ya faɗa maka gaskiya ba maƙiyinka ba ne, ko matarka ce, ko ƙanenka. Kada ku karanta ku wuce. Ku tura wa duk mai tuƙa jirgi, mota ko babur a gidanku, tun kafin a ji shiru a tsakiyar ruwa.