Dabinon Tasalla a Jikin Bango

Ku matso, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kawu!

An yi wani tsohon magini, sunansa Jatau. Duk zauren da ka gani da zane mai kyau a garin, hannunsa ne. Amma tsufa ya zo, hannun ya kama rawa, ko koko ya ɗauka sai rabi ya zube.

Matarsa Tasalla kuwa idonta ya tafi. Akwai dabino a ƙofar gidansu, ita ta shuka shi tana amarya. In ta dawo daga unguwa, sai ta lalubo reshensa, ta san ta iso gida. Ran nan iska ta zo ta kayar da dabinon. Tasalla ta fita, ta ɓata, sai maƙwabta suka dawo da ita. Daga ranar ta shige ɗaki, ba fita, ba dariya.

Jatau ya ce, "Uwargida, zan maido miki dabinonki."

Ya kwaɓa laka, ya yaɓa a bangon ƙofa, ya zana reshen dabino tun lakar tana ɗanya. Ya kamo hannunta ya ɗora. Ta shafa, ta shafa.

Ta ce, "Malam, sannu da aiki. Amma wannan tsintsiya ce."

Ya shafe, ya sake. Ta shafa, ta shafa.

"Malam, sannu da aiki. Wannan ƙashin kifi ne."

Jatau ya zauna ya yi tagumi. Ashe Ƙadangare na kan katanga yana kallo.

Ya ce, "Baba tsoho, wai kai ne sarkin zane? Ni fa a bango aka haife ni. Cika min ƙoƙo da gara, in yi maka."

Ƙarya yake yi, yara! Ko layi ɗaya bai iya ja ba, yunwa ce kawai.

Jatau ya kawo gara, ya sake yaɓa laka. Ƙadangare ya cinye tas, ya lashe baki, ya ce, "Bari in yi tunani." Ya yi ta tunani. Laka na shirin bushewa, shi yana tunani.

Sai ga kyanwar Tasalla ta leƙo, ta ce, "Wa nake ji yana cika baki?"

Wayyo! Ƙadangare ya daka tsalle ya faɗa ɗanyar laka, ya haura sama, fyar-fyar-fyar! Wutsiya ta ja layi a tsakiya, ƙafafu suka tsattsaga dama da hagu.

Jatau ya duba, ya ce, "Ikon Allah!" Ya sa yatsa ya bi sawun, ganye bayan ganye, yana zurfafawa. Hannun na rawa, ya bar shi ya yi rawarsa.

Ya kamo hannun Tasalla. Ta shafa, ta shafa. Ta sake shafawa.

Ta ce, "Malam, wannan dabinona ne. Har iska na kaɗa shi."

Ya ce, "Ba iska ba ce, hannuna ne."

Ta riƙe hannun da hannu biyu, ta ce, "To kar ya daina."

Washegari ta yafa mayafi ta tafi barka. Da ta dawo, ta lalubo reshen, ta yi sallama da ƙarfi, tana dariya.

Ƙadangare daga can sama ya ce, "Kun gani? Dama haka na tsara." Har yau in ka gan shi a bango yana gyaɗa kai, aikinsa yake yabo, ɗan rainin wayo.

To yara, kar ku yi wa hannu mai rawa dariya, ba ku san abin da ya rage masa ya zana ba.

Ƙurunƙus kan ƙadangare! Mai gardama ya je ya shafa bangon.