Akwati Biyu, Lamba Guda

Akwai wani injiniya a Illela mai suna Mukhtari, gwani wajen haɗa na'urorin da ke sarrafa sanyi da wuta a manyan gine-gine. Ya iya aikinsa ƙwarai. Abin da bai iya ba shi ne sauraron wanda bai yi boko ba.

Hajiya Ummu Kulthum, dillaliyar tumatir, ta gina ma'ajiyar sanyi mai ɗaki biyu, ta ba shi aikin. Kowane ɗaki da akwatinsa mai kunna injin sanyi, kuma daga kwamfutar ofis suke karɓar umarni.

Ranar Asabar da safe manoman ƙauyen Lafani suka bugo waya: kwando ɗari biyu na hanya, za su iso da azahar. In ɗakunan ba su yi sanyi ba, kafin kasuwar Lahadi tumatirin ya zama miya.

Sai ga matsala. In ɗaki na ɗaya ya bayyana a kwamfuta, na biyu ya ɓace. In na biyu ya dawo, na ɗaya ya yi shiru. Mukhtari ya sauya waya, ya kashe ya kunna har sau bakwai, ya ɗora wa kamfanin da ya ƙera akwatunan laifi. Tsoro ya fara kama shi.

Hajiya na gefe tana sa wa kwandunanta shaida da jan fenti. Ta ɗago kai.

"Ɗana, mi af faru?"

"Hajiya, wanga ba zancen tumatir ba ne," in ji shi, ko kallonta bai yi ba.

Ta yi dariya. "To, mu dai bara ni da abokin sana'ata Alhaji Halliru munka sa shaida iri guda. Masu lodi sunka rikice, kayana ya tafi Konni, nashi ya zo gidana. Akwatunan ga naka, kowa da shaida tai?"

Mukhtari ya dubi akwatunan. Sai ya tuna: don ya rage wa kansa aiki, ya kwafe saitin akwati na farko kaf ya zuba a na biyu, har da lambar adireshin da kwamfuta ke gane kowanne da ita. Kira ɗaya, su biyu ke amsawa.

Ya cire wayar guda, ya sauya lambar ƙarshe ta ɗayan, ya mayar. Nan take ɗakuna biyun suka fito reras, injuna suka tashi. Motar Lafani ta iso ta tarar da sanyi.

Kunya da murna suka haɗe masa. Ya durƙusa yana dariya, ya ce, "Hajiya, yau ke ce injiniya. Ara mini fentin."

Har yanzu akwatunan na nan, ɗaya da jan ɗigo guda, ɗaya da biyu.

Darasi: Kada ka raina shawarar wanda bai karanta abin da ka karanta ba, domin kowace sana'a makaranta ce. Tura wa wannan abokin naka da ba a isa a gyara masa ba.