Ranar da Mati Ya Ƙi Ɗaga Kai

Ku matso kusa, yau da rigima na zo muku, kuma ba ni zan raba ku ba.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, akwai wani kafinta a Gandun Maje ana ce masa Mati. Yana da ƙane, Ilu, da ƙanwa, Hansai. Mahaifiyarsu, Inna Gwamma, tana zaune a wani ƙauye a tsallaken fadama, an yi an yi ta taso ta ƙi. Da hantsi waɗanda suka tsero suka kawo labari: ruwa ya ci ƙauyen, tsohuwa tana kan rufin masallaci ita kaɗai, ruwan kuma hawa yake yi.

Kwalekwale ɗaya ne a garin, na marigayi ubansu. To, da yake an shekara goma ruwa bai kawo nan ba, sai suka mayar da shi wajen shayar da shanu, har gindinsa ya ruɓe. Irin wayonmu ke nan.

Gari ya rikice, kowa na gudu da kaya a ka. Amma Mati sai ya kifa kwalekwalen a rumfarsa, ya tsuguna, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa: katako nawa zai cire, wanne zai fara bugawa, yaushe zai ɗora kwalta a wuta. Wata maƙwabciya ta tsaya kansa. "Mati, uwarka na cikin ruwa kana zane kamar mai duba? Kai ko ɗan halak ne?" Mati ya ci gaba da zanensa. Wayarsa ta dame shi da ƙara, kowa na kawo sabon labari mai tayar da hankali, ya kashe ta ya jefa a aljihu. Sau biyu yana miƙewa zai ruga bakin ruwa, sau biyu yana komawa. Tsoro yake ji ƙwarai, amma ya san in ya bar huji ɗaya, tsakiyar fadama za su nutse. Ya bi zanensa daki-daki, yana cusa auduga yana shafa kwalta, yana hawaye.

Shi kuwa Ilu, ya ga jingar da ke tare ruwa ta tsage, daidai bayan rumfar Mati. Ya tara maza, ya shiga ruwa iya ƙirji, suna jera buhunan yashi tun hantsi har azahar ta gota. Da jingar nan ta ɓalle, da katako da wuta da kwaltar duk sun bi ruwa, kafintan ma sai dai a neme shi.

Da la'asar aka tura kwalekwale, bai ɗiga ba. Sai dai Mati ya duba gabansa, babu hanya babu alama, fadama ta zama kamar faranti. Nan Hansai ta faɗa ciki. Ita ce mai kai wa tsohuwa cefane kowace Juma'a a ƙafa, ta san kowace bishiya da kanta. "Yaya, bi hagun ɗorawar can, akwai shingen waya a dama! Kauce, nan turakun lambu ne!" Da haka suka isa, ruwa saura taƙi ɗaya ya hau rufin.

Suka tarar da Inna Gwamma tana karkarwa, rungume da akuya, abin da ya rage mata a duniya ke nan. Da suka sauke ta a tudu, ta dubi 'ya'yanta uku ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Wanda ya ceci raina, shi ke da akuyar nan." Ba wanda ya miƙa hannu a cikinsu.

To, jama'a, wa za a ba igiyar akuyar: Mati, Ilu ko Hansai?