Turmin Zomo da Taɓaryar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wai Zomo da Bushiya kowa na riƙon samarin daji marasa iyaye, amma ba sa ga maciji. Da yunwa ta shigo, Zomo ya lallaɓa wajen Giwa.

"Hajiya, a taimaka, amma kar Bushiya ta ji."

Ta ba shi gero da turmi. Bushiya ma ta zo a ɓoye, ta samu gero da taɓarya.

Samari na ta hamma, ba halin daka. Bushiya ta daure ta leƙa gidan Zomo.

"Yaya Zomo, turmi nake gani?"

"Shi ne. Fito da abin da kike ɓoyewa, sarauniyar ƙaya."

Suka haɗa turmi da taɓarya. Da Giwa ta jiyo lugude, sai ta ƙaro damin gero. Kowa ya sha fura ya ƙoshi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta tafi.