Mutumin da Ya Raba Karatun Malam Gida Biyu

An yi wani mutum a nan Magama, dab da shingen kan iyaka. Ba zan kama sunansa ba, don 'yan uwansa suna cikin garin nan. Sana'arsa tura karatu da waƙoƙi a waya. Direbobin da ke jiran kwastan su sallame su da fataken Maraɗi duk a rumfarsa suke tsayawa. Allah ya ba shi hannu, ya kuma jarrabe shi da girman kai. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani sabon mai turi a tsallaken titi, wanda kwamfutarsa ta fi tasa sauri.

Wata rana Amatullahi, 'yar wani malami na Mazanya da ya rasu, ta sauke wa mutumin namu buhun kaset. Tafsirin mahaifinta ne na azumi bayan azumi, kuma duk duniya babu wani kwafi. Ta ce ya juye mata a kwamfuta don jikoki su san muryar kakansu, za ta dawo bayan Sallah ta karɓa. Ya ce ta sa a ranta an gama.

Ya kuwa juye. Da buhun ya tare masa wuri, sai ya kyautar da shi ga wani manomi na Daddara. A ganinsa kaset ya zama shara.

Sannan ya juya kan maganar sauri. Yana da faifan ajiya na kwamfuta sabo, babba. Ya samo wani tsoho na gwanjo, ƙarami, wanda ba wanda ya san hannu nawa ya bi. Ya ce zai haɗa su su zama ɗaya, haɗin da masu sana'ar ke kira RAID. Irin wanda ya zaɓa, duk abin da aka ajiye sai na'ura ta yanka shi gutsure-gutsure, wannan faifai ya riƙe rabi, wancan ya riƙe rabi. Aiki yana sauri, amma babu faifan da ke da abu cikakke.

Maƙwabcinsa Iliya, mai gyaran waya, ya leƙo ya ce, "Wannan tsohon fa ƙas-ƙas yake yi. Ran da ya mutu, da na cikin sabon zai tafi. Ka aje karatun malam a wani wuri daban."

Mutumin ya ɗaga kai ya ce, "Ni za a koya ma aiki? Tun kana gyaran rediyo nike bisa kwamhuta. In ya mutu, ka zo ka yi mani gaisuwa."

Ya kwashe komai ya zuba cikin haɗin, ya goge na wajen. Sauri kuwa ya samu. Direba bai gama shan shayi ba an cika masa waya. Mutumin nan ya riƙa ɗaga murya don na tsallake ya ji. Tsohon faifai yana ta ƙas-ƙas, shi kuma yana ƙara sautin lasifika.

Ya 'yan uwa, wa ke ɗaura amanar marayu a kan abin da shi kansa ya ji yana kuka?

Ran wata kasuwa da rana tsaka, layi har bakin titi, tsohon faifan ya yi shiru. Sabon faifai lafiyarsa ƙalau, amma me ke cikinsa? Rabin kowace aya, rabin kowace kalma. An kai Katsina, an kai Kano, masu gyara suka girgiza kai.

Amatullahi ta dawo. Ko kansa bai sunkuyar ba, ya ce mata, "Ƙaddara ce, Hajiya. Na'ura ce ta mutu, ba ni na kashe ta ba."

Ta ce, "Kar ka ɗora ma Allah ganganci naka. Ban kaset ɗina in tahi."

Dole ya faɗi inda ya kyautar da su. Ta bi sawu har Daddara. Kun san abin da manoma ke yi da tsohon kaset. Ta tarar an zare zaren duka, an ɗaura shi daga kara zuwa kara a gonar gero, yana walƙiya cikin iska yana korar tsuntsaye. Ta tsaya a bakin gonar ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Labari ya bi motoci har Maraɗi. Ba wanda ya ƙara miƙa masa waya. Ya rufe rumfa ya bar gari, kuma har ya hau mota yana cewa laifin ɗan gwanjo ne.

Ya 'yan uwa, na'ura ba ta da zunubi. An ba shi amana ya yi gasa da ita. An yi masa nasiha ya mayar da izgili. Ya faɗi, ya ƙi cewa na yi kuskure. Ni kuwa ba zan fasa faɗa ba, ko da mai irin halin yana zaune a sahun gaba: abin da aka damƙa maka ba naka ba ne, kuma za a tambaye ka.

Ya Allah, ka kiyaye mu da cin amana, ka raba mu da girman kan da ke toshe kunne, ka jiƙan malamin Mazanya, ka ba 'yarsa haƙuri. Amin.